Kuɗin farfaɗo da unguwa ba zai biya maka bashin gida ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Cleveland ta jihar Ohio a Amurka. Na sayi gida da bashin banki, aiki ya tsaya mini, yau wata uku ban biya ba. A layinmu gidaje huɗu aka toshe wa tagogi da katako bayan banki ya ƙwace su. Wani ya ce akwai kuɗin gwamnati na irin unguwanninmu, in ba shi dala 1,500 ya sa sunana, kuma in daina ɗaukar wayar banki. Ga yara, ba na iya barci. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kawo mafita. Kada ka ba shi ko sisi.

Kuɗin da yake nufi gaskiya ne an yi shi. Shirin NSP ne, wato shirin farfaɗo da unguwannin da ƙwacen gidaje ya yi wa illa, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2008 da dala biliyan 3.92, aka ƙara biliyan 2 a 2009, aka sake ƙara biliyan 1 a 2010, duk a hannun ma'aikatar gidaje ta HUD. To amma wa aka bai wa? Jihohi da ƙananan hukumomi, sai wasu ƙungiyoyin da ba na neman riba ba a zagaye na biyu. Aikin kuɗin shi ne a sayi gidan da aka riga aka ƙwace ko aka yasar, a gyara a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, ko a rushe kangon da ya fi ƙarfin gyara, ko a ajiye filin a hannun hukumar filaye irin wadda gundumarku ta Cuyahoga ta kafa a 2009. Waɗannan gidaje huɗu na layinku, su ne irin abin da aka yi shirin dominsu. Naka gidan da kake kwana a ciki bai shiga ba. Kuma tun zagayen 2010 ba a sake zuba sabon kuɗi a shirin ba.

A nan raina yake ɓaci, domin kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan zance. Mutane sun ɗauka akwai wani jerin sunaye da ɗan kamasho zai cusa ka a ciki. Babu wannan jerin. Ɗan damfara sunan shiri na gaske yake kamawa, don in ka duba a intanet ka gan shi, hankalinka ya kwanta. Sannan ya hana ka magana da banki. Wannan ya fi mini ciwo fiye da kuɗin da zai ci, domin kwanakin da ya kamata ka yi amfani da su wajen sasantawa su ne yake cinye maka. Wasu ma ba sa tsayawa nan: sai su ce ka riƙa biyan kuɗin wata ta hannunsu, ko ka sa hannu a takardar mallakar gida "na ɗan lokaci". Da ka sa hannu, gida ya zama nasu, bashi kuwa yana nan a wuyanka. Sau da yawa kuma wanda ya haɗa ka da su mutumin kirki ne da kuke sahu ɗaya a masallaci, shi ma ji ya yi. Tun 2011 dokar tarayya ta hana kamfanonin da ke cewa za su ceto gida karɓar kuɗi kafin su kawo maka rubutaccen tayi daga bankin da ke bin ka bashi, kai kuma ka amince da shi. Wanda ya nemi kuɗi a gaba ya riga ya gaya maka ko shi waye.

Ka ce wata uku. A ƙa'ida, kamfanin da ke karɓar biyanka ba zai fara shari'ar ƙwace gida ba sai rashin biyan ya haura kwana 120, don haka kana dab da bakin iyaka. Gobe da safe ka kira su, ka ce kana son takardar neman sassaucin biya, ka cika ta tsaf da shaidar samunka da bayanin abin da ya tsayar da aikin. Ka nemi mai ba da shawara kan gidaje wanda HUD ta amince da shi, kyauta suke wannan aiki. Ka tambaye shi ko akwai sauran tallafin masu gida a jihar, domin asusun da aka kafa a 2021 don biyan irin wannan bashi jihohi da dama sun rufe karɓar takardunsa.

In takardar kotu ta iso, kada ka jefa ta a aljihun tebur. A Ohio sai ta kotu ake ƙwace gida, kuma kwana 28 gare ka ka mayar da amsa. Kotun gundumarku tana da tsarin sulhu tsakanin mai gida da banki, ka nemi a sa ka a ciki.