Yaya Zan Kare Yaran Gidan Rainona Idan Annoba Ta Sake Ɓulla?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da gidan rainon yara, iyaye masu zuwa aiki suna kawo mini 'ya'yansu da safe su ɗauke su da yamma. Yara 28 ne, daga 'yan wata shida zuwa 'yan shekara huɗu, ni da masu raino huɗu, a ɗakuna uku da ɗan fili a waje. Lokacin korona rufewa na yi. Da na sake buɗewa na sayi injin feshi da ma'aunin zafi na goshi da takunkumi, amma mura da tari ba su bar mu ba. Har wasu iyaye suka ce dole kowane yaro ya sa takunkumi, ni kuma na ga abin ba ya yiwuwa. Idan irin wannan annoba ta sake zuwa, me ya kamata in yi don yaran da ma'aikatana su tsira ba tare da na rufe ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi daidai da kika fara tunani tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba. Injin feshin nan da ma'aunin goshi su ne mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da za ki iya yi. Ba laifinki ba ne. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, kusan kowa ya ɗauka ta hannu da kayan da ake taɓawa cutar ta fi bi, aka dinga feshe tituna da kujeru, har da mutane. Daga baya ya tabbata cewa iska ce babbar hanyarta. Mai cutar yana numfashi, yana magana, yana kuka ko waƙa, ƙananan ɗigon ruwa da ido ba ya gani suna fita daga bakinsa da hancinsa, su yi ta yawo a ɗaki kamar hayaƙi. A watan Afrilun 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ƙiyasta cewa idan mutum ya taɓa wurin da ƙwayar ta sauka, yiwuwar ya kamu ta wannan taɓawar ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba. Wanda ke feshi a ɗakin da tagoginsa ke rufe ya bar jaki yana dukan taiki. Ma'aunin goshi kuwa ki ajiye shi, yana da ranarsa, amma kada ki dogara da shi. Yara da yawa suna ɗauke da cutar jikinsu bai yi zafi ba, mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai, kuma uwar da ta ba ɗanta farasitamol da asuba don kada ta rasa zuwa aiki ta riga ta rufe wa na'urar ido.

Abu na biyu da nake so ki karɓa shi ne cewa ɗan shekara biyu ba ya ba da tazara. Zai rungumi ɗan'uwansa, ya tsotsi abin wasa ya miƙa wa na kusa da shi, ya goge majina a zanin mai raino. Jariri kuwa dole a ɗauke shi, a goya shi, a rarrashe shi. Duk tsarin da aka gina a kan cewa yara za su bi doka ya rushe tun kafin a fara. Don haka kariyar gidan raino ba a hannun yara take ba. Tana cikin yadda kika raba su, da iskar ɗakunanki, da halin manyan da ke wurin.

Rabon shi ne ginshiƙi. Kina da ɗakuna uku, to ki yi rukuni uku, kowane da mai rainonsa da ba ta canjawa, kowane da kayan wasansa da shimfiɗunsa da lokacin fitarsa waje. Yaran rukuni ɗaya su yi cuɗanya da juna yadda suka saba, amma kada su haɗu da na wani rukunin. Amfanin wannan lissafi ne kawai: idan cutar ta shigo ta jikin yaro ɗaya, mutum goma ne suka yi hulɗa da shi, ba talatin da uku ba, kuma ɗaki ɗaya za ki rufe, ba gidan gaba ɗaya ba. Da haka ƙasar Denmak ta buɗe gidajen raino ranar 15 ga Afrilu 2020, ita ce ta farko a Turai, da ƙananan rukunoni da yawan zama a waje. Norwe ta biyo baya ranar 20 ga watan, inda aka ware babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara uku, ko ga yara shida waɗanda suka ɗara haka. A jihar Rod Ailan ta Amurka, gidajen raino 666 aka ba izinin buɗewa a watannin Yuni da Yuli na 2020 bisa sharaɗin tsayayyun rukunoni da takunkumi ga manya, kuma a huɗu kacal daga cikinsu aka ga alamar cutar ta yaɗu a cikin gidan.

Inda tsarin ke ɓarewa, a iya abin da na gani, ba a tsakiyar yini ba ne. Da sassafe ne, lokacin da yara biyar suka iso mai raino ɗaya ce ta zo, sai a tara su ɗaki ɗaya kafin sauran su ƙaraso. Haka da yamma, idan aka haɗa waɗanda iyayensu suka makara. Sai kuma mai raino ta huɗun nan taki, wadda na san ita ce za ta riƙa zagayawa tana taimakon kowane ɗaki. Ita ce gadar da cuta za ta bi. Ki ba ta ɗakin jarirai, inda aka fi buƙatar hannu, ta tsaya can. Iyaye kuma su miƙa yaro a bakin ƙofa, kada su shiga ɗakuna.

Kada wannan ya sa ki ɗauka yara ba sa yaɗa cutar. A birnin Solt Lek na Amurka an bi diddigin gidajen raino uku a 2020, aka samu yara 12 sun kamu a can, suka kai cutar ga aƙalla mutum 12 a waje, har mahaifiyar ɗaya ta kwanta asibiti. Cikin yaran akwai jariri ɗan wata takwas da ya sa wa iyayensa biyu.

Sai iska, wadda ba ta cin kuɗi amma aka fi mantawa da ita. Taga ɗaya a buɗe ba ta isa ba, ana son biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, don iskar ta shiga ta nan ta fita ta can. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar kawai take yi. Ki ajiye ta kusa da taga tana hura iskar ɗakin zuwa waje, inda hannun yaro ba zai kai ba. Yawancin na'urorin sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a bango su ma iskar ciki suke maimaitawa, sanyinsu ba ya nufin tsafta. CDC ta ba da shawara a 2023 cewa iskar ɗaki ta sabunta aƙalla sau biyar a awa ɗaya. Idan kin samu ƙaramar na'urar auna iskar kabon da muke fitarwa, a waje takan nuna kimanin 420, a ɗaki kuma ana son ta zauna ƙasa da 800. Idan babu, hancinki ma ma'auni ne: ki fita minti biyar ki dawo, in kin ji ɗakin ya yi nauyi da warin jiki, iskarsa ta tsufa. Filin nan naki na waje ki maishe shi ɗaki na huɗu, rukunoni su riƙa karɓa-karɓa a inuwa. Lokacin barci kuma a ware shimfiɗu gwargwadon hali, kan wannan yaro yana daidai da ƙafar na kusa da shi. Tagogin da yara ke iya kaiwa a sa musu ƙarfe ko raga mai ƙarfi, kada a gudu gara a faɗa gidan zago.

Maganar takunkumi, ke ce da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun bayyana tun watan Agustan 2020 cewa kada a tilasta wa 'yan shekara biyar zuwa ƙasa sa shi. 'Yan ƙasa da shekara biyu kuwa haɗari ne gare su, domin yana iya toshe musu numfashi kuma ba za su iya cire shi da kansu ba. Kada a taɓa barin yaro ya yi barci da shi. Masu raino ne za su sa, mai kama fuska sosai, musamman a cikin ɗaki lokacin da cutar ta yi yawa a gari. Sau da yawa babba ne ke shigo da ita, kuma da korona babba ne ya fi shan wahalarta.

Wannan ya kawo ni ga dokar da ta fi kowace wuyar aiwatarwa: mara lafiya ya zauna a gida. Rubuta ta a takarda ba wuya. Amma mai rainon da ta san za a yanke mata albashi idan ba ta zo ba, za ta sha magani ta zo tana ɓoye tari. Ki gaya musu tun yanzu cewa kwanakin jinya ba za a taɓa musu albashi ba, ki kuma tanadi mace ɗaya da za ki iya kira ta riƙe ɗaki. Na san nauyi ne a kan ƙaramin wuri irin naki, amma rufe gidan mako biyu ya fi shi tsada. Iyaye ma ki zauna da su kafin annoba, ku amince a rubuce: yaron da zafin jikinsa ya kai 38, ko yake amai, ko gudawa, ko sabon tari, ba ya zuwa, kuma ba ya dawowa sai ya yi aƙalla awa 24 babu zazzaɓi ba tare da magani ba, ko iya kwanakin da hukumar lafiya ta ƙayyade wa cutar da ake ciki. Kada ki bari a riƙa nuna gidan da aka samu cutar da yatsa. Ranar da uwa ɗaya ta ji kunya, sauran sun daina gaya miki gaskiya.

Idan yaro ya fara ciwo a hannunki, a kai shi gefe mai iska tare da babba ɗaya mai takunkumi, a kira iyayensa. Kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a ba shi asfirin, domin a jikin yaro mai cutar bairos tana iya jawo ciwo mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Kowace mai raino ta iya ƙirga numfashi na minti ɗaya lokacin da yaro yake kwance a natse ba ya kuka. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa wata 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri. Idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin da ya ja numfashi, ko leɓɓansa sun canja launi, ko ya kasa sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ana tada shi da ƙyar, wannan na asibiti ne nan take, a kira iyaye a hanya.

Tsafta ba na cewa a bar ta, domin ba korona kaɗai ke zagaya gidan raino ba, kuma cututtukan gudawa ta hannu suke bi. Sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20: da isowa, kafin ciyarwa, bayan canja kunzugu ko zubar da fo, bayan share majina. Man tsaftace hannu sai mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin ɗari ko fiye, na manya ne, a ajiye shi sama. Ba ya maye gurbin sabulu, kuma yaro yana iya shan sa. A watanni ukun farko na 2020 kiran da ake yi wa cibiyoyin guba a Amurka kan kayan tsafta ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ƙananan yara ne. Bilic kuwa, wato ruwan sinadarin kilorin da ake wanki da shi, ki duba ƙarfinsa a jikin kwalba. Idan mai kashi 5 ne, awo ɗaya a cikin awo 49 na ruwa ya isa goge tebur da mariƙin ƙofa da wurin canja kunzugu, a bar shi aƙalla minti ɗaya kafin a goge. Inda aka yi amai ko jini, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa. A fara wanke wurin da sabulu, don bilic ba ya aiki a kan datti. A haɗa sabo kowace rana, kada a gauraya shi da wani sinadari, kada a fesa shi yara suna ɗaki. Abin wasan da ya shiga baki a jefa shi bokiti na daban, a wanke, a ɗauraye sosai, a shanya. 'Yan tsana na yadi a ɗauke su sai annoba ta wuce.

Ki duba katin rigakafin kowane yaro tun ranar karɓarsa. A shekarar 2021 kaɗai yara miliyan 25 ne a duniya suka rasa cikakkiyar allurar yau da kullum, kuma rikicewar da korona ta jawo na cikin dalilan. Ƙyanda ta fi korona saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, tara kan kamu.

Annobar gaba kuma ba lallai ta yi kama da korona ba. Korona ta fi sauƙi a kan yara, amma murar da ta zama annobar duniya a 2009 yara da matasa ta fi kamawa. Idan mai zuwa irin wannan ce, hukumar lafiya na iya ba da umarnin rufewa, kuma a nan babu gardama. Abin da za su fara nema a wurinki, ko kin rufe ko ba ki rufe ba, shi ne rajista: wane yaro ya zo wace rana, a wane ɗaki ya yini, wace mai raino ce ta riƙe shi, da lambar wayar iyayensa guda biyu. Ki sayi littafin ki fara cika shi daga gobe, don masu raino su saba da shi tun babu tashin hankali.