Injin kaftu na lambu: wanne zan saya, kuma da gaske ne yana kashe ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da lambu eka ɗaya da rabi a bakin kogin Galma, wajen Dakace a Zariya, ina noman rani na tumatir, albasa, kabeji da ɗan latas. Kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfina, shi ne na yi niyyar sa kuɗin sallamata na ritaya in sayi injin kaftu, wanda ake kira fawa tila. Wani dillali ya ce sai mai ƙarfin doki 15, wani ya ce ƙarami mai fetur ya ishe ni. Abin da ya fi tayar mini da hankali, maƙwabcina ya yi hayar irinsa shekara biyu a jere, yanzu ruwa kwanciya yake yi a fangalinsa, tumatirinsa ya tsumbure ya yi rawaya, mutane kuma na cewa injin ne ke kashe ƙasa. Ba ni da wani kuɗi bayan wannan. A taimaka mini da shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu. Kwantar da hankalinka, eka ɗaya da rabi ba ta buƙatar doki 15. Wancan babban, mai injin gas irin na niƙa da ake sanyayawa da ruwa, na mai shinkafa ne ko mai yi wa jama'a aikin haya, kuma juya shi a tsakanin fangula da hanyoyin ruwa wahala ce zalla. Ka nemi mai ƙarfin doki 7 zuwa 10. In ƙasarka jigawa ce mai sauƙi, mai fetur na doki 7 ya wadatar. In laka ce irin ta fadamar Galma, wadda ke ƙanƙamewa da rani, mai gas na doki 9 ko 10 ya fi, kuma ya zama mai giya, domin mai bel yana sulɓewa da zarar wuƙaƙen sun ci ƙasa mai tauri. Ka duba matatar iska ta zama irin mai baƙin mai a gindinta, saboda ƙurar hunturu. Kada ka biya sai ka ga bakanike a Sabon Gari ko Samaru da ya san injin, ka kuma ga wuƙaƙe da igiyar kuloci da sauran kayan gyaransa a shago da idonka. Lambar da aka manna a jikin tanki ba hujja ba ce, kowa na iya manna takarda.

Yanzu maganar maƙwabcinka, wadda ita ce ta fi zaɓen injin muhimmanci.

Akwai wani tunani da ya kama manomanmu, kullum sai na ci karo da shi: wai gwanin aiki shi ne wanda ya mayar da ƙasa gari lukui. Mai lambu zai tsaya a kan direba yana cewa a ƙara zagaye, har yanzu akwai ƙulalai. A bi sau uku, a bi sau huɗu, ya ɗebi ƙasar a hannu tana zubowa ta tsakanin yatsu, ya yi murmushi ya biya. Wallahi kuɗi ya biya aka yi masa ɓarna. Ƙananan dunƙulen nan da yake ƙyama, masu girman ƙwayar gyaɗa, su ne lafiyar ƙasa. Ta tsakaninsu ruwa ke sauka, iska ke shiga, saiwa ke ratsawa. Ƙasar yankinmu dama ba ta da wadatar ruɓaɓɓen ganye da taki da ke riƙe dunƙulen, ga ta da saurin yin ɓawo. In ka niƙe ta, ban ruwan farko zai narkar da garin ya toshe kofofi, rana ta buga, sama ya ƙafe. Irin albasa da karas da latas ƙanana ne, ba su da ƙarfin fasa wannan ɓawo. Sai a koma ana zargin mai sayar da iri.

Wannan ɓarnar sama ce. Ta ƙasa ta fi muni, domin ba a ganinta. Wuƙaƙen ƙaramin inji ba su cika wuce santimita 10 zuwa 15 ba. In kullum a zurfi ɗaya suke tsayawa, musamman a jiƙaƙƙiyar laka, suna shafe gindin wurin suna danne shi har ya zama kamar daɓen ɗaki. Saiwar tumatir da ya kamata ta nutse fiye da rabin mita sai ta iso nan ta karkace ta bi gefe. Ruwa ya taru a kai, saiwa ta rasa iska, ganye ya yi rawaya. Manomi ya ruga ya sayo yuriya, wani mai shagon magani da bai taɓa taka gonar ba ya haɗa masa kwalabe uku. Abin da ke ba ni haushi ke nan: ciwo na cikin ƙasa, ana ta feshi a kan ganye. Masu cewa inji na kashe ƙasa sun ga gaskiyar alamar, amma laifin na hannun da ya riƙe shi ne da bakin da ya ce a ƙara zagaye.

Ka je gonar maƙwabcin naka da guntun rodi bayan an yi ban ruwa da kwana ɗaya, ka danna shi a hankali. In ya shiga kamar tsawon tafin hannu ya tsaya cak, ga amsarka nan. Maganinta a fasa wurin da garmar shanu ko ta tarakta lokacin da ƙasa ta sha iska, a zuba takin shanu ko na kaji da ya ruɓe sosai.

Kai kuma ka kiyaye lokaci. Ɗebi ƙasa daga zurfin da za ka kafta ka matse a hannu. In ta dunƙule tana sheƙi tana manne wa yatsu, koma gida, ba yau ba. In ta ƙi haɗuwa sam, ta bushe da yawa, injin zai riƙa tsalle yana fizgar kafaɗunka yana cin wuƙaƙe, sai ka jiƙa ta ka jira kwana biyu ko uku. In ta dunƙule amma da ka taɓa ta farfashe, to shiga. Zagaye ɗaya, iyaka biyu, kuma ka riƙa sauya zurfi daga kaka zuwa kaka. Inda kuwa aya-aya ko ƙiri-ƙiri suka kama, kada ka kuskura ka saka inji sai ka fitar da su. Yana daddatsa su ne ya watsa, kowane guntu ya tsiro.

Yawancin injinan nan ba mai a cikinsu suke zuwa, na inji da na giya duka, don haka ka duba kafin a tayar, ka sauya baƙin mai bayan awa 20 na farko. Ba a aiki da shi da babbar riga ko silifa, kuma kafin a sa giyar baya a duba abin da ke bayan ƙafa, a rage wuta, domin a nan ne wuƙaƙe suka fi kama mutum. Ciyawa in ta naɗe, a kashe injin tukuna. In kana da hali, ka leƙa sashen injiniyan aikin gona na cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru da sunan injin da lambarsa kafin kuɗi su bar hannunka.