Zauren Inna: Baƙuwar kwana uku ta shiga mako na huɗu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, muna zaune a ciki da falo a Kurna, nan Kano. Goggon maigidana ta zo daga ƙauye ganin likita, aka ce kwana uku za ta yi. An duba ta, an ba ta magani, an ce ta dawo bayan wata biyu, amma yau kwananta 24 a gidanmu, ita da jikarta. Na bar musu gado, ni da yara muna kwana a falo, maigida kuma yana kwana a shagon abokinsa. Shinkafar da ke kai mu kwana biyu yanzu a yini take ƙarewa, ruwa kuma saye muke wurin 'yan garuwa. In na yi wa maigida magana sai ya ce, "To ni ya zan yi, in kori goggona?" Wallahi Inna ban tsane ta ba, tsohuwar kirki ce, amma na gaji.
Wata uwargida daga Kurna

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Gajiyar da kika yi ba laifi ba ce, kuma kada ki ɗauka zuciyarki ce ta lalace. Matar da ta bar gadonta kwana 24 ta yi abin a yaba mata.

Amma kafin ki yanke cewa tsohuwar nan ta ƙi tafiya ne, ki tsaya ki duba ko an sallame ta. Mutanenmu na karkara, musamman manya, ba sa ɗaure kaya su ce sun tafi haka kawai. Jira suke mai gida ya sallame su, ya sa musu rana, ya ba da kuɗin mota da 'yar tsaraba. A wurinsu, baƙo ya ce zai tafi ba a sallame shi ba kamar ya nuna bai ji daɗin zaman ba ne. Na ga wannan da idona a gidan aurena. Wata yayar surukata ta taɓa yin kusan wata guda a wurinmu, ina ta ƙunƙuni a zuci, sai ran nan ina yi mata tsifa ta ce da ni, "'Yar nan, awakina na can hannun mutane, amma yaron nan bai ce min komai ba." Ashe kuɗin da ta zo da shi ya ƙare a magani, kunya ta hana ta faɗa. Ita ma a ƙage take, mu ma a ƙage muke, kara ta rufe wa kowa baki. Har yau in na tuna sai in ji nauyin zargin da na yi mata.

Don haka ki zauna da ita bayan la'asar, ki ja ta da hira kan gida: wa ke kula da ɗakinta, wa ke ba dabbobinta ruwa, ya gonar bana. Daga amsarta za ki gane ko jiran sallama take, ko kuwa akwai abin da take gudu a can, kamar saɓani da matar ɗanta ko rashin abinci. In na biyun ne, to magana ta fi ƙarfin falonki, ta zama ta dangi, kuma dole maigida ya kira 'yan'uwansa.

Shi kuwa maigida, ki faɗa masa cikin lumana cewa ba kora kike nema ba, sallama kike nema. Ya sayi turmin atamfa in da hali, in babu ko sabulu da gishiri da magi da burodin yara sun wadatar. Ya durƙusa ya ce, "Goggo, tunda likita ya ce sai bayan wata biyu, na ga ranar Asabar in kai ki tasha ki je ki ga gida, ranar komawa asibiti kuma ni zan aiko da kuɗin mota." Ya raka ta tashar Ƙofar Ruwa ko duk inda motar garinsu take lodi, ya biya da hannunsa. Babu tsohuwar da za ta ji wannan ta ce an kore ta. Wannan magana daga bakinsa za ta fito, ba daga naki ba, domin in ke kika faɗa, har ƙauye za a kai labarin cewa matar wane ta kori goggon mijinta.

Addini ma bai bar mai masauki shi kaɗai da nauyi ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Ki karanta wa maigida wannan don hankalinsa ya kwanta, ba don ya je ya karanta wa tsohuwa ba.

In za ta dawo bayan wata biyun, a tsara tun yanzu. In maigida na da wa ko ƙane a cikin gari, a raba kwanakin. Kafin ta tafi kuma, 'yata, ina roƙonki kada ki bari gajiyar ta fito a kwano ko a fuska. Kada ki rage mata tuwo, kada ki riƙa dukan yara don ta ji. Kin riga kin yi mai wuyar.

TAMBAYA: Inna, maƙwabciyata kullum cikin aro take: kula, dutsen guga, rariya, har tukunyar gas. Ba ta dawo da abu sai na aika. Watan jiya ta karɓi na'urar markaɗena ta dawo da ita tana ƙauri, ba ta ƙara tashi ba, kuma ko haƙuri ba ta ba ni ba. In hana ta?
Mai karatunki daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: 'Yata, kada ki rufe ƙofar aro gaba ɗaya. Ayar ƙarshe ta Suratul Ma'un ta zargi masu hana ɗan abin taimako, kuma malaman tafsiri da dama sun ce ya haɗa da irin su tukunya da guga da gatari, abubuwan da maƙwabta ke ara wa juna. Amma shi ma mai aro akwai nasa: hadisi ya ce abin aro abin mayarwa ne.

Abin da nake yi a gidana shi ne na raba kayana biyu. Turmi, taɓarya, rariya, faranti, babbar tukunya, duk wadda ta aiko zan ba ta. Kayan wuta kuwa ba sa ƙetare ƙofata, saboda wutar da ake kawo mana wani lokaci ba ta da ƙarfi, kuma na'ura na iya ƙonewa ko a hannun mai kula ne. In aka aiko aron na'urar markaɗe sai in ce, "Ki ce ta kawo kayan miyar in markaɗa mata." An biya mata buƙata, kayana na gabana. Tukunyar gas kuwa ba abin yawo ba ce tsakanin gidaje, ko don haɗarinta.

Duk abin da kika bayar, ki haɗa shi da lokaci: "Ga shi, amma zan yi amfani da shi bayan magariba." In magariba ta yi, ki aika yaro ba tare da jin nauyi ba.

Batun na'urar da ta ƙone, ki je da kanki, ba aike ba, ki ce mata kin kai wa mai gyara ya faɗi kaza, ko za ta kama miki wani abu. Wataƙila kunya ce ta sa ta yi shiru. Ko ba ta ba da ko sisi ba, ta san kin san abin da ya faru, ke kuma kin sauke abin da ke cin ki.

TAMBAYA: Inna, wuta ba ta zama a unguwarmu, miyar da na sa a firji kullum sai ta yi tsami. Mece ce dabara?
Amarya daga Gusau

AMSA: Ki daina dogara da firjin da ba ya samun wuta, domin in ya huce ya zama akwati kawai. Ki soya kayan miya sosai har ruwan ya ƙone mai ya taso sama, ki ɗebi na yini ɗaya kawai ki haɗa. Wadda ta rage ki tafasa ta da dare, ki sake tafasawa da asuba, kuma kada ki mayar da cokalin da aka sa a baki ko a tuwo cikinta. Ki ajiye kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, su ba ruwansu da wuta.

TAMBAYA: Inna, ni magidanci ne. Bara da Sallah na kai yarana huɗu Gidan Zoo, cunkoso ya sa ƙaramin ya ɓace mana kusan rabin awa. Tun daga nan na rantse ba na ƙara fita da su. Yanzu sun dame ni, uwarsu ma ta goya musu baya.
Wani uba daga Sheka, Kano

AMSA: Ɗana, na san irin tashin hankalin rabin awar nan, Allah Ya ƙara tsarewa. Amma laifin na ranar da ka zaɓa ne, ba na fitar ba. Kwana ukun farko na Sallah rabin yaran Kano can suke nufa. Ka bari sai hayaniya ta lafa, ko ka zaɓi wata Asabar da safe, za ku ga dabbobin a tsanake, ka kuma gaya musu cewa wurin sunan Audu Bako yake ɗauke da shi, gwamnan da ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. In rantsuwa ka yi da Allah, ka tambayi malami yadda za ka yi kaffara, kada ka riƙe ta hujja.

Kuma ba Zoo kaɗai ake kai yara ba. Ka kai su Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, su ga kayan yaƙi da hotunan tsohuwar Kano a ginin da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa. Ku leƙa marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma ƙyalle a baba ya fito shuɗi. In da sauran ƙarfi, ku hau Dala da sanyin yamma, ka nuna musu Gwauron Dutse da hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari daga sama.

Duk inda za ku, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ka haɗa babba da ƙarami su riƙe hannun juna, kuma da kun shiga ka nuna musu wuri guda ka ce duk wanda bai gan ka ba ya tsaya nan. Ka tafi da uwarsu, ku raba yaran biyu-biyu, ku ɗauki ruwa da ɗan abin taɓawa daga gida.