Amsa ga Sani a kan hukuncin layin canza taya a gasar Formula 1

Sani, ka tambaye ni dalilin da ya sa aka ci kamfanin Ferrari tarar kuɗi kawai ranar da motarsu ta karya wa bakanike ƙafa, alhali an sauke Max Verstappen daga matsayinsa a tseren Monako ba tare da kowa ya ji ciwo ba. Ka ce a ganinka alƙalai sun fifita matsayi a kan ƙafar mutum. Tambayar mai kyau ce, sai dai ka haɗa laifi iri biyu da ake aunawa da mudu daban.

Ka fara duba yadda aikin yake. Mota takan shigo ta tsaya, mutum kusan ashirin su yi mata rubdugu, kowace taya mutum uku: ɗaya yana riƙe da bindigar noti, ɗaya ya cire tsohuwa, ɗaya ya sa sabuwa. Noti guda ne a tsakiyar taya, kuma ana gama komai cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Ƙungiyar McLaren ta taɓa yi a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Direba ba ya ganin tayoyin baya sosai, ba ya kuma ganin mai tahowa a layi. Fitila yake kallo a gabansa, da ta koma kore sai ya taka.

A Bahrain a 2018, fitilar ta ba Kimi Räikkönen, direban Ferrari, hanya alhali ba a ma cire tayar baya ta hagu ba. Bakaniken da ke tsaye gaban tayar bai samu damar janye ƙafarsa ba, motar ta bi ta kanta, ƙasusuwa biyu na ƙwaurinsa suka karye. Räikkönen ya tsaya bayan 'yan mitoci, tserensa ya ƙare a nan. To, wanda ya riga ya fita daga gasa, ƙara masa daƙiƙa biyar me zai rage masa? Kuskuren na garejin ne, shi ya sa alƙalan FIA, hukumar da ke kula da gasar, suka ɗora wa Ferrari tarar Yuro 50,000. A nawa ra'ayin kuɗin sun yi kaɗan ga kamfani irin wannan, amma an ɗora laifin inda ya dace.

Na Monako a 2019 daban ne. Ƙungiyar Red Bull ta saki direbanta Verstappen daidai lokacin da Valtteri Bottas yake tahowa, motocin suka gogi juna, Bottas ya matsu da bango, tayarsa ta yi faci har sai da ya sake shigowa. Verstappen kuwa ya fita yana gabansa. Da tara kawai aka ci, kowane gareji mai kuɗi zai riƙa sayen matsayi da gangan. Saboda haka aka ƙara masa daƙiƙa biyar, ya ƙare tsere na biyu a hanya, aka rubuta shi na huɗu.

Dokokin nan ba daga littafi aka tsince su ba. A Imola ta Italiya a 1994, tayar motar Michele Alboreto ta fice a layin ta raunata kanikawa, daga nan aka ƙayyade gudu a layin canza taya. A 2013 a Nürburgring ta Jamus, tayar Mark Webber ta ƙwace ta buge mai ɗaukar hoton talabijin, aka ci Red Bull Yuro 30,000, aka kuma rage gudun daga kilomita 100 zuwa 80 a awa. A Monako 60 ne saboda ƙuncin wurin.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne hannun mai noti. Idan noti ya hau a karkace, bindiga takan yi ƙara kamar ya ɗauru, amma za ka ji ta tana tsalle a tafinka. Na taɓa barin wata mota ta fita daga garejina da noti biyu a sake don mai ita yana sauri, tayar ta soma rawa kafin ya kai mahaɗar hanya, Allah ya sa ya tsaya. Gobe idan ka gama ɗaura taya, kada ka sauke jak sai ka sake bin kowane noti da sifana, sannan ka kira ni in duba.