Nono ya kumbura, uwar miji ta ce a yaye ɗan wata uku: mene ne hukunci?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina goyon ɗana na fari, watansa uku. Makon jiya nonona na hagu ya kumbura ya yi tauri, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Maigida ya je kemis aka haɗo mini kafso da taramol. Da uwar mijina ta zo dubiya sai ta sa na tatsa nonon a murfin kwano, ta jefa tururuwa a ciki, tururuwar ta mutu. Ta ce nonon ya lalace, a yaye yaron a koma ba shi madarar shanu da koko. Yau kwana biyu ban ba shi na hagun ba. Tun da na fara shan maganin kuma barci yake ta yi, da ƙyar nake tashinsa ya sha. Malam, in na ci gaba da shayar da shi ina shan magani, ina da alhaki? In kuma na ƙi bin maganar Hajiya, na yi saɓo?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yaro a kan Musulunci.

Kafin maganar hukunci, 'yar'uwa, akwai abin da ba zai jira gobe ba. Ki ajiye taramol ɗin nan, ku kai yaron asibiti yau, ku tafi da sauran maganin a hannu likita ya gani. Taramol da kodin suna ratsawa cikin nono, kuma akwai matan da hantarsu ke juya su da sauri zuwa sinadari mai ƙarfi fiye da na sauran mutane, su kansu ba su sani ba. Alamar a jikin jariri ita ce wadda kika faɗa: yawan barci, kasa kama nono, sakin jiki, a wasu lokuta numfashi ya ja baya. Saboda haka ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa a kan magungunan biyu a 2017. A Najeriya ma gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Ba ki da zunubin abin da kika sha cikin rashin sani. Amma yanzu da kika sani, ci gaba da sha ba tare da likita ya duba ba haramun ne a kanki, domin Annabi (SAW) ya ce: "La darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Ibn Majah.

Shi kuwa mai kemis, in bai tambayi ko mai ciwon tana goyo ba, ko ya sani ya miƙo, to ya ji tsoron Allah. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa.

Yanzu ga asalin mas'alar. Allah yana cewa a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku, ga wanda yake son cika shayarwa. A mazhabarmu ta Malikiyya shayarwa wajibi ce a kan uwa muddin tana ƙarƙashin igiyar auren uban yaron, sai in akwai uzuri, kamar rashin lafiyar da ta hana ta ko ƙafewar nono, ko ta kasance irin matar da a al'adar wurinsu ba ta shayarwa. Haka yake a littattafan fiƙihu na Risala da Mukhtasar. To tambayar ita ce: kumburin nono yana cikin uzurin da ke ɗauke wannan wajibi?

Amsar wannan ba a bakin malami take ba, ba kuma a murfin kwano take ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya nuna mana inda ake nemanta. Judamatu 'yar Wahb ta ji shi yana cewa ya yi niyyar hana gila, wato miji ya kusanci matarsa tana goyo kamar yadda Imamu Malik ya fassara, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yin haka kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya bari. Hadisin yana Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Larabawa a lokacin sun yi imani nonon irin wannan mata guba ne ga yaro, daidai da yadda ake faɗa a gidajenmu idan mace ta yi kwanika. Bai gina hukunci a kan abin da ake faɗa ba. Ya dubi abin da aka jarraba a kan yara masu yawa, har wurin mutanen da ba Musulmi ba, ya yi aiki da shi. Malamai suka ɗauki ƙa'ida daga nan cewa cutar da ake jingina hukunci da ita sai ta tabbata, ko a yi mata rinjayen zato ta hanyar masana abin.

Abin da likitoci suka tabbatar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya take kai, shi ne kumburin nono ba ya lalata ruwansa, yaro mai lafiya zai sha ba abin da zai same shi. Ciwon yakan fara ne idan nono ya taru bai fita ba, ko yaro bai iya kama kan da kyau ba har ya tsage, ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa. Ɗanɗanonsa yakan ɗan yi gishiri-gishiri a kwanakin, shi ya sa wani yaron ke kawar da kai, sai a ce ai ga shi ya ƙi. Yayen gaggawa shi ne yake ƙara dagula lamarin: nonon ya sake cika, kumburin ya tara ruwa ya zama ƙurji, a kai ga sai an zuƙe da allura ko an tsaga. Don haka ki mayar da shi kan na hagun, ya sha duk lokacin da ya nema. In zafi ya hana, ki ɗan tatsa a hankali har ki ji sauƙi. A bar murza shi da ƙarfi da gasa shi da tafasasshen ruwa, tsumma mai sanyi ya fi kwantar da kumburin. Mace ɗaya aka ware: mai ɗauke da cutar HIV, ita ana ce mata ta tatse na gefen da ya kumbura ta zubar har ya warke, ta ci gaba da ba shi ɗayan.

Tururuwa kuwa, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, jikanta take tsoron rasawa. Amma a jefa wata tururuwar cikin madarar shanun da ake son komawa a gani ko za ta fito. Wannan gwaji camfi ne da muka gada, shari'a ba ta rataya komai a kansa ba.

Shan magani ga mai goyo halal ne, wani lokacin ma wajibi. Annabi (SAW) ya ce: "Ku nemi magani, bayin Allah", Abu Dawud da Tirmizi suka fitar daga Usamatu ɗan Sharik. Mafi yawan magunguna abin da ke kaiwa ga yaro ta nono ɗan kaɗan ne, masana sukan ɗauki ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da uwa ta sha, gwargwadon nauyin jiki, a matsayin wanda ba a damuwa da shi. Farasitamol da ibuprofen suna cikin waɗanda ake bai wa mai goyo don zafi da zazzaɓi. Cloxacillin da cephalexin, waɗanda aka saba rubutawa don wannan ciwon, ana sha ana shayarwa, sharaɗin likita ya rubuta kuma a shanye adadin kwanakin da ya yanka. Maganin tarin fuka ma ba ya hana shayarwa. Akwai waɗanda ake kauce musu in da makwafi, irin su chloramphenicol, da Septrin idan jaririn sabuwar haihuwa ne ko yana da ciwon shawara. Akwai kuma 'yan kaɗan da suke tilasta a dakatar da nono gaba ɗaya, kamar magungunan ciwon daji. Wajibinki a duk inda za a ba ki magani ki buɗe baki ki ce "ina goyo", ki faɗi watannin yaron. Jiƙo da tsimin da ake kawo wa masu jego su ma magani ne, wannan hukuncin ya hau kansu, kuma ba wanda ya auna abin da ke cikin kwalbar.

Sai maganar saɓa wa uwar miji. Ayar Baƙara ta ce idan su biyun suka so yaye bisa yardar juna da shawara, babu laifi a kansu. Su biyun nan uwa da uba ne. Kaka tana da girma da haƙƙin a ji shawararta, amma yanke hukuncin yaye ba a hannunta aka sa shi ba. Ko ku iyayen, malaman tafsiri sun ce yardarku tana aiki ne inda yayen ba zai cutar da yaron ba. Ɗan wata uku da aka ɗora wa koko da madarar shanu an buɗe masa ƙofar gudawa da tamowa, domin cikinsa da ƙodarsa ba su kai ɗaukarsu ba. Zallar nono ake so har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata. Ƙin yaye shi a wannan hali ba saɓo ba ne, shi ne abin da ya hau kanki.

Sai dai kada ki tsaya gardama da ita, wannan aikin ɗanta ne. Maigida ya same ta cikin ladabi, ya ce Hajiya a zo a raka mu asibiti, ta ji daga bakin likita ko malamar jinya da kunnenta. Kuɗin asibiti da abincin mai goyo a kansa suke, ayar ta ɗora wa uban yaro ciyar da uwar da tufatar da ita gwargwadon hali. Ya kuma samo mai kama miki aikin gida a kwanakin nan, mai zazzaɓi ba ta surfe da ɗiban ruwa. In aka gama magani wani kulluttu ya rage a nonon bai baje ba, a koma a duba shi, kada a zauna.

Idan likita ya duba ya ce lallai a dakatar da nonon saboda wani magani, to uzuri ya tabbata, babu alhaki a kanki. In dakatarwar ta 'yan kwanaki ce, ki riƙa tatsewa kina zubarwa don kada ya ƙafe. A tsakanin nan a ba shi madarar gwangwani ta jarirai, da dafaffen ruwa da kofi mai tsabta, ko a nemi wata ta shayar da shi, Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 ta halatta wannan. Ita mai shayarwar a fara gwada jininta a asibiti. A kuma sanar da dangi, a rubuta a ajiye, domin a wurin Imamu Malik ko tsotso ɗaya ne ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun, matar ta zama uwarsa, 'ya'yanta mata sun haramta gare shi da aure.

Wallahu a'alam.