Injure, wound, hurt, harm da damage: wacce ta dace da rahoton hatsari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akawu ne a wani kamfanin sufuri, kuma ni ke rubuta rahoto idan motarmu ta yi hatsari. Kwanan baya na rubuta "three passengers were damaged", sai manaja ya dawo mini da takardar ya ce in gyara. Don Allah mene ne bambancin damage, injure, wound, hurt da harm?

Amsa: Wa alaikumus salam. Manajanka yana da gaskiya. Kafin ka zaɓi ɗaya daga cikin kalmomin nan, ka tambayi kanka: wa ko me abin ya shafa, kuma me ya jawo shi?

Damage ta kaya ce: mota, gini, gona, na'ura. Ko a Hausa ba za ka ce fasinjoji uku sun lalace ba, mota ce ke lalacewa, mutum kuwa rauni yake ji. Abin da ya kamata ka rubuta shi ne "three passengers were injured and the bus was badly damaged". Likitoci kan ce brain damage ko liver damage, amma ka lura, gaɓa suke nufi, ba mutumin gaba ɗayansa ba. Akan kuma yi amfani da ita ga mutunci ko sunan kamfani idan ya zube.

Injure ita ce abokiyar aikinka ta kullum. Ta ƙunshi duk raunin da jiki ya samu a hatsarin mota, faɗuwa daga bene ko filin ƙwallo, ko da karaya ce ko targaɗe wanda ba a ga jini ba.

Wound kuwa ta fi ƙunci, kuma a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. A Turancin titi na Najeriya za ka ji ana cewa yaro ya faɗi "he wound himself". A daidaitaccen Turanci, kalmar tana nufin raunin da ya huda ko ya tsaga fata, galibi da makami: harsashi, wuƙa, adda. Shi ya sa ake cewa wounded soldiers. Idan ka sa ta a rahoton hatsari, mai karatu zai iya zaton 'yan fashi ne suka tare motar. Ana furta ta "wuund". Wadda ake furtawa "waund" wata kalma ce daban, ta naɗe abu, duk da rubutunsu ɗaya.

Hurt ta hira ce, kuma ta fi karkata ga zafin da mutum ke ji, a jiki ko a zuciya. "My leg hurts" na nufin ƙafata na ciwo. Ba ta sauya siffa idan ana maganar abin da ya riga ya faru, don haka babu hurted. Sai dai kada sauƙinta ya ruɗe ka, domin a kotu tana da nauyi. Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Penal Code da aka fara aiki da shi a Arewacin Najeriya a 1960 ya raba hurt da grievous hurt, wato mummunan rauni irin su makantar da ido, kurmantar da kunne, karya ƙashi ko haƙori. Criminal Code na Kudu kuwa grievous harm yake cewa. Hukuncinsu ya fi na ƙaramin rauni tsanani sosai, saboda haka ina ba ka shawara kada ka rubuta grievous da kanka; ka bar wa likita da lauya.

Harm ita ce cutarwa a faɗaɗe, har wadda ido ba ya gani nan take, kamar illar hayaƙin taba ga huhu.

Akwai tarko biyu da nake so ka kiyaye, tunda takardunka kan kai ga kamfanin inshora. Na farko, damage ba ta da jam'i idan ɓarna ake nufi. Da zarar ka ƙara mata s ta zama damages, wato diyyar da kotu ke sa a biya. Wanda ya rubuta "the damages on the bus" ya shigo da maganar kuɗi inda yake son ya bayyana gilashin da ya fashe. Na biyu shi ne casualties. Da yawa suna ɗauka matattu kawai take nufi, alhali ta haɗa waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata. Matattu zalla su ne fatalities. Wannan kuskure yana ci mini rai, domin takarda kan kai hannun iyalai, kuma uwar da aka gaya wa ɗanta na cikin matattu alhali yana kwance a asibiti ta sha azabar da ba ta da dalili. Ka raba adadin biyu a fili: mutum kaza killed, mutum kaza injured.