Gado, Jini da Iri: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wata malamar kimiyya a makarantar sakandaren 'yan mata a Katsina ta rubuto: "Allah gafarta Malam, a rediyo ana cewa 'ƙwayar halitta' a nufi abin da jiki ya ginu da shi, a nufi DNA, a kuma nufi abin da ɗa ke ɗaukowa daga iyaye. Ɗalibaina sun rikice. Wace kalma ce daidai?"

Malama, ɗalibanki suna da gaskiya, jaki ɗaya aka ɗora wa mangala uku. Ƙwaya a Hausa ita ce ƙaramin abu guda da za a iya ƙirgawa: ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, ƙwayar cuta. Kalmar tana da daɗin ɗauka, shi ya sa kowa ke kai mata hannu. Shawarata a bar "ƙwayar halitta" ga ɗan mitsitsin ɗakin nan da jiki ya ginu da irinsa bila adadin. A tsakiyar ɗakin akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai dogon zare, shi ne DNA. An naɗe zaren kamar yadda masaƙi ke naɗe nasa a kwarkwaro, naɗi 46, biyu-biyu, wato tagwaye 23. Kowane naɗi shi ake kira kuromosom. Rubutun da ke jikin zaren da haruffa huɗu kawai aka yi shi, A, T, G da C, kuma saiti ɗaya na naɗi 23 yana ɗauke da haruffa kusan biliyan 3. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin ƙera abu guda, shi ya cancanci sunan "ƙwayar gado". Masu ba da umarnin ƙera furotin, sinadaran da ke gina jiki suna kuma yi masa aiki, sun kai kimanin 20,000 a jikin mutum.

Ki gaya musu wannan gadon mai doguwar "a" ne, ba na kwanciya ba. Aikatau ɗinsa "gada", amma mukan ce "ya gaji ubansa", "ya gaje shi", domin "d" takan koma "j" a gaban "i" da "e", kamar gudu da guje, gida da gidaje. Daga nan aka sami magaji, magajiya da magada. Bakatsine ya san Magajin Gari, Badauri ya san Magajiya tun zamanin Daurama.

Sai dai kalmar tana zuwa da kayanta daga fiƙihu, kuma a nan yara ke tuntuɓe. Gadon dukiya sai mai ita ya rasu, ana raba ta ne ta ragu, kuma rabon ɗa ya ninka na 'ya. Gadon jiki kwafi ne, mai shi yana raye, nasa bai ragu ba. Naɗi 23 daga uba, 23 daga uwa, ko ɗa ko 'ya. Wanne ne daga cikin kowane tagwaye zai shiga ƙwan uwa ko maniyyin uba, wannan kamar ƙuri'a ne, kuma hanyoyin zaɓin sun kai 8,388,608 a ɓangaren mutum ɗaya, tun kafin tagwayen su yi musayar gutsattsari tsakaninsu. Ga dalilin da 'yan ciki ɗaya ke kama ba tare da sun zama mutum ɗaya ba. Tagwaye na 23 su ke raba jinsi: uwa X kawai take bayarwa, uba kuwa ko X ko Y. In ya ba da X a haifi mace, in Y a haifi namiji. Matan da dangin miji ke wa gorin haihuwar 'ya'ya mata, an kai ƙarar gidan da ba nan ba ne.

Hajiya daga Daura ta tambaya: "Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wanne za mu kama? Ga miji lafiyayye, mata lafiyayya, amma ɗansu na fama da amosanin jini."

Hajiya, Allah Ya ba yaron lafiya. Karin maganan biyu ba faɗa suke ba, kowanne da ranar da ake fito da shi. Na barewa yabo ne, ana yin sa in ɗan maƙeri ya iya tsayar da wuta ko 'yar malami ta haddace. Na albasa gori ne mai taushi: ruwa ba shi da wari ba shi da yaji, shi ya rayar da albasa, ga ta ta fito da duka biyun. Ana faɗinsa in ɗan mutanen kirki ya kauce hanya. A kan hali aka gina su, ba a kan ciwo ba, don haka kada a jefi yaro marar lafiya da na biyun. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsu, wato yadda abin da ba a gani ga iyaye ke bayyana ga ɗa, tana da amsa.

Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a garin Burno na ƙasar Cek ta yau, ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana haɗa auren waken Turawa. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, kamar gajartar ta ɓace. Da ya bar waɗannan suka yi barbara da kansu, jikokin suka fito dogaye 787, gajeru 277, kusan uku bisa ɗaya. Ashe gajartar laɓewa ta yi. Kowane tsiro yana riƙe da kwafi biyu, ɗaya mai rinjaye, ɗaya mai laɓewa, mai laɓewar kuma ba ta fitowa fili sai ta haɗu da 'yar'uwarta. Haka zabiya ke fitowa daga iyaye baƙaƙe wuluk, haka amosanin jini.

Sunayen ciwon ma abin dubawa ne. Bahaushe ya raɗa masa suna daga abin da ya gani, amosani, wato ciwon gaɓoɓi da ƙashi. "Sikila" kuwa aro ne daga sunan lauje a Turanci, saboda jajayen ƙwayoyin jinin mai ciwon sukan lanƙwashe kamar lauje. Tushensa harafi ɗaya ne. A kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke ƙera wani sashe na himogulobin, furotin mai ɗaukar iskar numfashi a jini. Inda ya kamata a rubuta GAG sai aka sami GTG, tubali na shida a furotin ɗin ya canza. In iska ta yi ƙaranci sai himogulobin ɗin ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai lauje 10 zuwa 20, shi ya sa jinin ba ya isa.

Lafiyayyen kwafi shi ake kira A, mai lauje kuma S; mai S biyu shi ne SS, mai ciwon. Mai S ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau, har yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa S ta yawaita a ƙasashen sauro. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya haka suke. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, 50 na AS, 25 na AA. Ki lura da "kowane ciki". Mutane kan ce tunda na fari ya fito da shi, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya.

Kalmar "jini" ita ma tana jawo ɓarna a nan. Mukan ce "jininsa ne", "a jininsu yake", alhali jajayen ƙwayoyin jini su ne ma ba su da cibiya, ba sa ɗauke da zaren. Wanda aka yi wa ƙarin jini bai gaji mai bayarwa ba. Sannan "gwajin jini" kafin aure iri-iri ne. Rukunin jini shi ne A, B, AB da O, don ƙarin jini. Wanda ya shafi sikila shi ne jinotaif, wato kwafi biyun da mutum ya gada na ƙwayar himogulobin: AA, AS, SS, AC, SC (C wani nau'in himogulobin ne daban). Mutum ya ce "ni O ne" bai amsa tambayar ba. Kurakurai uku ke yawan faruwa. Gwajin gaggawa mai nuna ko akwai S ba ya bambance AS da SS, sai an yi na raba himogulobin da lantarki. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata ukun da suka wuce, sakamakonsa na iya nuna na mai bayarwa, har SS ya fito kamar AS. Jariri ƙasa da wata shida kuma jininsa cike yake da himogulobin na ciki, wato irin wanda yake amfani da shi tun yana cikin uwa, yana bukatar gwaji na musamman ko a maimaita daga baya.

Wani ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ce: "Malam, hali zanen dutse. Ashe kimiyya ta gaskata mu, tunda DNA ba ya canzawa?"

Ɗana, rabin hanya ka zo. Zanen yana nan, amma ba duka ake karantawa ba. Ƙwayar halittar hanta da ta ido zare ɗaya suke riƙe da shi, bambancinsu shi ne shafin da kowacce ta buɗe. In za a yi aiki da wata ƙwayar gado, sai a kwafe ta zuwa wani gajeren saƙo mai suna RNA, saƙon ya fita daga cibiya, a karanta shi harafi uku-uku. Haɗin uku-uku 64 ne, suna nuni ga tubala 20 da ake jera furotin da su, uku daga cikinsu kuma alamar tsayawa ce. Wannan buɗewa da rufewa ni "furucin ƙwayar gado" nake ce masa, don abin da ke rubuce daban, abin da aka furta daban.

Misalin yana cikin amsar Hajiya. Jariri SS yakan yi watannin farko lafiya, domin himogulobin na ciki ba ya sandarewa. Wajen wata shida wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan rufe shi, na manya ya karɓi aiki, ciwo ya fara. Maganin haidiroksiyuriya yana ƙara yawan na cikin. Maganin Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, yana amfani da almakashin yanka zaren DNA mai suna CRISPR, wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, ya lalata makunnin BCL11A a ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, ƙofar da aka rufe ta sake buɗewa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Shi kuwa hali irin na karin maganar, haƙuri ko rowa ko faɗa, ba shi da ƙwayar gado guda. Dubbai ne ke sa hannu kaɗan-kaɗan, tarbiyya da zama da mutane su sa nasu.

Alhaji manomi daga Mai'aduwa: "Ingantaccen iri, irin aure, da wanda ake cewa an sauya wa halitta, duk abu ɗaya ne? Na ajiye irin masara daga amfanin bara, bana ta fito wata doguwa wata gajera."

Alhaji, "iri" na da fuska biyu: abin shukawa, da kuma nau'i, kamar "irin wannan". Bahaushe ya haɗa su a kalma ɗaya don ya san abin da ka shuka irinsa ke fitowa. "Ingantaccen iri" laima ce, duk wanda masana suka zaɓa suka tace yana ƙarƙashinta. Irin aure shi ne wanda aka haɗa tsatso biyu tsarkaka, aka ɗauki bununin wannan aka zuba a gemun wancan. 'Ya'yan farko kan fito bai ɗaya, da ƙarfi. In irin aure ka shuka bara, naka na bana jikoki ne, abin da Mendel ya gani shi ka gani a gonarka: masu laɓewa sun haɗu sun fito, amfani ya ragu. Irin aure sai dai a sayi sabo kowace damina.

Na uku shi ne wanda aka ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta aka dasa masa. "Sauya halitta" ya yi wa aikin girma, ya kuma tsorata mutane. "Dashen ƙwayar gado" ya fi faɗin abin da aka yi. Misalinsa waken SAMPEA 20-T, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a Disambar 2019. An dasa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, Bt, mai ƙera furotin da ke fasa cikin tsutsar maruka, wadda ke cin fure tana huda kwanso. Feshin da kan kai shida zuwa takwas yana komawa kamar biyu. Biyun nan kada a bar su, domin furotin ɗin bai taɓa kwarin da ke tsotson kwanso ba, bai kuma hana ƙwaro cin wake a rumbu ba. Shi wake da kansa yake barbara, saboda haka irin da ka ajiye daga wannan zai fito kamar uwarsa, muddin ba a cakuɗa shi da wani a masussuka ko a buhu ba.

Mai tambaya a kan alfadari, me ya sa ba ya haihuwa: ubansa jaki mai kuromosom 62, uwarsa goɗiya mai 64, shi ya tashi da 63. Na jaki da na doki ba sa yin tagwaye daidai lokacin ƙera ƙwai ko maniyyi, sai aikin ya tsaya a nan.